Harajin Gida Da Rangwamensa A Ƙasar Yawuri: Wa Zai Biya, Wa Zai Cike?

Ya 'yan'uwana 'yan makaranta da malamanmu, akwai wata magana wadda kowa ke gudunta, amma ba wanda ta bari, watau maganar haraji. In mutum ya shiga kasuwar Yalwa ya ga mayanka da rumfuna da tashar mota, ko ya sauka Wara ya ga makaranta da ɗakin shan magani, da wuya ya tsaya ya tambayi kansa daga aljihun wa kuɗin waɗannan abubuwa suka fito. Amma ran da mai karɓar kuɗi ya tsaya a ƙofar shagonsa da takarda, ran nan ne ya kan tuna da lissafi. To, nufina a nan in bayyana abu uku: yadda a ke aza haraji bisa gida da gona, da yadda a ke rangwanta wa wanda ya gaza, da kuma wanda ya ke cike gurbin abin da aka rangwanta. Na zaɓi ƙasar Yawuri don misali, gama a can ne maganar ta fi fitowa fili, saboda ruwa ya taɓa cinye dukiyar da a ke aza wa harajin kanta.

ƘASAR DA MUTANENTA

Masarautar Yawuri tana kudancin Jihar Kebbi, a bakin Kogin Kwara. Ƙananan hukumomi uku ke cikinta: Yawuri mai hedkwata a Yalwa, da Ngaski mai hedkwata a Wara, da Shanga. Tsohuwar fadar tana Birnin Yawuri, sai a 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya zauna Yalwa. Mutanen ƙasar iri iri ne: akwai Hausawa, da Gungawa mazauna tsibirai, da Kambari, da Shangawa, da Dukkawa, da Lopawa, da Sarkawa masunta, da Filani makiyaya. Abincinsu noma ne da su da kiwo da fatauci. Ku riƙe wannan, domin dukiyar masunci jirginsa ne da komarsa, ta Bafilatani shanunsa, ta manomi gonarsa da rumbunsa. Wanda babbar dukiyarsa gini ce, sai a cikin gari a ke samunsa.

YADDA A KE YI A DA

Tun kafin zuwan Turawa sarakunan ƙasar Hausa suna karɓar kuɗin ƙasa, da zakka, da jangali, da kuɗin sana'o'i kamar na karofi. Da Turawa suka ci ƙasa, sai Gwamna Lugga ya yi doka a 1906, aka tattara yawancin waɗannan aka mai da su haraji guda, jangali kuwa aka bar shi dabam. Wajen 1909 aka kafa Baitulmali na farko a Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Razdan Palmer, daga nan abin ya bazu ko'ina cikin Arewa. Sarki da hakimai da alƙalai suka koma cin albashi, abin da ya saura a yi aikin jama'a da shi.

Ga yadda kuɗin ke tafiya. Mai unguwa ya karɓa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai gun Ma'aji. A can sai a raba biyu: da fari Gwamnati ta ɗauki rabi, En'e ta riƙe rabi. Daga baya aka ƙara wa manyan En'e masu tsari rabonsu. Da nata kason En'e ke biyan 'yan doka, da malaman makaranta, ta gyara hanya, ta haƙa rijiya, ta gina kasuwa. Kun ga ke nan tun a wancan zamani aikin gari na tarayya ne, sai dai kuɗin daga ƙasa ya ke hawa sama.

Wajen yanke haraji hanya biyu aka bi. A waɗansu gundumomin Kano aka yi taki, watau malamai su auna gonar mutum da takun ƙafa, a yanka masa gwargwadon faɗinta. Wannan shi ne harajin dukiya sosai. A yawancin wurare kuwa jimla a ke yanka wa ƙauye, sa'an nan dagaci da dattawa su raba wa magidanta gwargwadon ƙarfin kowa. A cikin wannan rabo ne rangwame ya ke. A kan tsame tsoho tukuf, da makaho, da kuturu, da gurgu, da yaron da bai kai ba. In kuwa an yi fari ko fara ta ci amfani, hakimi ya kan kai kuka, a rage wa ƙauyen ko a jinkirta masa.

Amma fa tsarin yana da aibi babba. Tun da jimlar ƙauye ba ta cika raguwa ba, abin da aka ɗauke wa wani sai ya faɗa kan maƙwabcinsa. In mutum ya gudu, 'yan'uwansa su biya. Talakan da ba shi da tsabar kuɗi ya kan sayar da hatsinsa da kaka, sa'ad da ya ke arha, ya komo ya saye shi da tsada da bazara. Ga kuma abin da ya kan maƙale a hannun masu karɓa.

Mutanen wannan yanki sun ga inda irin wannan ke kaiwa. A 1915, sa'ad da Yawuri da Busa ke cikin Lardin Kwantagora, Turawa suka tuɓe Sarkin Busa Kitoro Gani, suka sa ƙasarsa ƙarƙashin Sarkin Yawuri Aliyu, ga kuma nauyin haraji. Mutanen Busa suka tayar, da Sabukki a gabansu, suka kashe waɗansu daga cikin sababbin shugabannin da aka ɗora musu. Daga baya aka raba ƙasashen biyu, a 1924 kuma aka mai da Kitoro Gani gadonsa. A wannan shekara ce aka rushe Lardin Kwantagora, Yawuri ta koma Lardin Sakkwato. Abin lura a nan shi ne, haɗa aljihun mutane wuri guda ba ya ɗorewa in ba su yarda da mai riƙon jakar ba.

DA RUWA YA ZO

A 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, tun daga madatsar har gaban Yalwa. Kimanin mutum 44,000 aka tayar daga mazauninsu. Tsohon garin Busa ya nutse, aka gina sabo. Gungawa, waɗanda suka yi suna wajen noman albasa a tsibirai da gaɓar kogi, da yawansu suka koma tudu, Gwamnati ta gina musu gidajen siminti a sababbin ƙauyuka.

To, ku duba wahalar da wannan ya jawo wa mai lissafin haraji. In ya dubi gini, sai ya ga gidan siminti, ya ce mai shi mawadaci ne, alhali kuwa mutumin bai aza tubali ko ɗaya ba, gonar da ke ciyad da shi kuma tana ƙarƙashin ruwa. In ya dubi gona, sai ya tarar ruwan tafkin yana hawa yana sauka kowace shekara, filin da aka shuka da rani ya zama wurin su bayan 'yan watanni. In ya dubi masunci, sai ya tarar yau yana gaɓar Ngaski, gobe yana gaɓar Bargu cikin Jihar Neja. Saboda haka gini kaɗai ba ya faɗin ƙarfin mutum a bakin wannan tafki.

DA AKA SOKE HARAJI

A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi a Nijeriya duka, mulkin En'e ya ƙare, aka kuma ba sababbin hukumomin kaso daga kuɗin Tarayya. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi na Kano da Gwamna Balarabe Musa na Kaduna suka soke haraji da jangali, sauran jihohin Arewa suka bi baya. Wannan shi ne rangwame mafi girma da talakan Arewa ya taɓa samu, ba kuwa wanda zai zarge shi don ya yi murna.

Amma aikin gari bai tsaya ba, sai dai kuɗin ya juya, ya koma saukowa daga sama, yawancinsa na man fetur. Bisa rabon da aka tsayar a 2004, cikin kowace naira ɗari ta Asusun Tarayya, Gwamnatin Tarayya tana da 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuwa 20.60. A harajin sayen kaya, wanda a ke kira VAT, kason ƙananan hukumomi 35 ne cikin ɗari. Wajen raba wa kowace nata, a kan duba daidaito, da yawan jama'a, da faɗin ƙasa, da hidimomin jama'a, da ƙoƙarinta na tara kuɗin cikin gida.

Wannan ya kawo sauƙi, ya kuma kawo wata cuta a ɓoye. A da, manomin da ya sayar da damin gero ya biya haraji, ya san da guminsa aka haƙa rijiya. Da kuɗin ya koma zuwa daga nesa, sai mutane suka ɗauke shi na Gwamnati, wanda ba na kowa ba, suka rage tambaya. Shugaban da ba ya buƙatar aljihunka, ba lalle ne ya buƙaci ra'ayinka ba.

ABIN DA DOKA TA CE

Tsarin Mulki na 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai kasuwanni, da mayanka, da tashoshin mota, da maƙabartu, da magudanan ruwa, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da ba da lasin na kekuna da amalanke da jiragen ruwa irin na kwalekwale. Akwai kuma taimakawa wajen makarantun firamare, da kiwon lafiya, da noma. Sa'an nan ya ba ta ikon kimanta gidajen mutane don karɓar kuɗin gida, gwargwadon yadda Majalisar Dokokin jiha ta tsara. Wata doka ta 1998, wadda ta jera harajin da kowace hukuma za ta karɓa, ta sa kuɗin gida, da na shaguna, da na mayanka, da harajin shanu cikin rabon ƙaramar hukuma.

Harajin gida yana da fa'ida biyu: gida ba ya gudu, ba ya kuma ɓoyuwa. Amma kafin a karɓe shi da adalci, sai an ƙidaya gidaje, an rubuta masu su, an kimanta darajar kowanne, an kuma buɗe ƙofar ƙara ga wanda ya ga an zalunce shi. Wannan aiki ne mai cin kuɗi da ma'aikata, shi ya sa ya fi yiwuwa a gari kamar Yalwa, inda a ke da shaguna da gidajen haya da ɗakunan ajiya, bisa ƙauyen masunta inda abin da za a tara ba zai biya mai tarawa ba.

LISSAFIN RANGWAME

Bari mu yi misali irin na aji, da lambobin da na ƙaga don bayani. A ce unguwa tana da gida 200, tana kuwa buƙatar naira 1,000,000 a shekara don gyaran famfo da kwashe shara. In an raba daidai, kowane gida zai biya 5,000. To, a ce gida 40 na tsofaffi ne, da mata masu riƙon marayu, da waɗanda ambaliya ta ci gonakinsu, aka yafe musu. An sami giɓin 200,000 ke nan. Ina za a samo shi?

Hanya ta farko, a aza wa sauran gida 160, kowanne ya biya 6,250. Wannan ita ce hanyar jimla ta zamanin En'e.

Hanya ta biyu, a rage aikin ya koma na 800,000. Sai famfo ya lalace a bar shi, kuma waɗanda aka yafe wa su za su fi shan wuya, gama su ne ba su da kuɗin sayen ruwan garuwa.

Hanya ta uku, a duba ƙarfi. In cikin 160 ɗin nan akwai manyan shaguna da gidajen haya 20, su biya 15,000 kowanne, an sami 300,000. Sauran 140 su tsaya a 5,000, an sami 700,000. Jimla ta cika ba a danne matalauci ba.

Hanya ta huɗu, wata hukuma ta sama ta cike giɓin.

Kun ga dai rangwame ba ya kashe bashi, matsar da shi ya ke yi daga wannan kafaɗa zuwa waccan. Duk wanda ya yi muku alkawarin sauƙin haraji, ku tambaye shi wace hanya zai bi cikin huɗun nan.

Waɗansu ƙasashe sun sha wannan darasi. A 1990 gwamnatin Margaret Thatcher ta soke harajin gidaje a Ingila, ta sa haraji bisa kan kowane baligi, attajiri da leburansa kusan daidai. Aka yi tarzoma a birnin Landan, mutane da yawa suka ƙi biya, a 1993 aka koma aza shi bisa darajar gida, da rangwamen kashi ɗaya cikin huɗu ga wanda ke zaune shi kaɗai. A Ikko kuma, a 2001 aka haɗa kuɗin gida da kuɗin fili da wani na gyaran unguwa suka zama haraji guda, jiha na karɓa ta raba da ƙananan hukumomi. Da aka ƙara shi a 2018 jama'a suka yi ca, a 2020 aka sassauta, da yafewa ga ɗan fansho a gidan da ya ke zaune ciki. Darasin guda ne: haraji ya bi ƙarfi, rangwame kuma ya kasance a rubuce, kowa ya san sharaɗinsa, kada ya zama alfarmar da a ke roƙo a zaure.

AIKIN KARO-KARO

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai ayyukan da sun fi ƙarfin ƙaramar hukuma guda, don haka doka ta sa a yi musu karo-karo. Dokar ilmin farko ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, amma jiha ba ta cin kason gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa. Albashin malaman firamare kuwa, aikin da yawancinmu za mu shiga, an daɗe ana cire shi daga kason ƙananan hukumomi. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari don ƙananan asibitoci.

Akwai kuma karo-karon da ya shafi bakin tafki musamman. A 2010 aka yi dokar kafa hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki ta ƙarfin ruwa, wadda a ke kira HYPPADEC, mai hedkwata a Minna, Kebbi na cikin jihohinta. Ta yi shekara goma kafin ta fara aiki. Hujjar kafa ta ita ce, lantarkin Kainji ƙasa duka ke sha, amma asarar gona da ambaliya da zaizayar gaɓa mutanen bakin ruwa ke ɗauka, saboda haka ya wajaba wani abu daga kuɗin wutar ya komo musu. Wannan ita ce hanya ta huɗu cikin lissafinmu.

In kuna son ku ga abin da rashin haɗa kai ke jawowa, ku tuna ran 26 ga Mayu 2021. Wani jirgin katako da ya ɗauko mutane fiye da ƙarfinsa ya tsage kusa da Wara, tsakanin Jihar Neja da Kebbi. Fiye da mutum ɗari suka rasu ko suka ɓace, da yawansu mata da yara. Allah ya jiƙansu. Ku lura da yadda iko ya rarrabu a kan ruwan nan: jirgi ya tashi daga wata jiha ya sauka wata, hanyar ruwa ta Tarayya ce, kasuwa da mashiga na ƙaramar hukuma ne. Mai ƙidaya fasinja a bakin gaɓa, da rigunan ruwa, da jirgin ceto, da sare kututturen da tafki ya binne, duk aiki ne da ba ya tsayawa kan iyakar kowa. In Yawuri da Ngaski da Shanga da maƙwabtansu na ƙetare ba su zuba cikin jaka guda ba, kowa zai zaci aikin wani ne.

Amma jaka guda tana da nata haɗari. Tsarin Mulki ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda kason ƙananan hukumomi ke fara sauka. Shekara da shekaru ana kuka a Nijeriya cewa abin da ke isa ƙasa bai kai abin da ya fito daga Abuja ba. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma sai waɗanda aka zaɓa, ban da na riƙo. Ko da aka yanke, aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Hukuncin kuma bai raba kowa da buƙatar haɗa kai ba, sai dai ya nuna karo-karo na gari shi ne wanda kowa ya san abin da ya zuba da abin da aka yi da shi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Daga abin da ya gabata, ga abin da na ga ya dace da ƙasa irin ta Yawuri. Na ɗaya, a fara kuɗin gida daga inda ƙarfi ya ke, watau shaguna da gidajen haya da manyan gine-gine na cikin gari. Na biyu, a rubuta waɗanda aka yafe wa, a kuma sa sharaɗin shekarar ambaliya, kamar ta 2012 da ta 2020, yadda sauƙi zai zo ba sai an yi roƙo ba. Na uku, duk rangwamen da aka yi a faɗi wanda zai cike shi tun kafin a yi shela. Na huɗu, kada a karɓi ko kwabo ba da rasit ba, a kuma manna lissafin shiga da fita a kasuwa da ƙofar hakimi, a karanta shi da Hausa.

Nan ne aikinmu ya shigo. Gobe waɗansunmu za a tura su Wara, ko Shanga, ko wani ƙauye da sai da jirgi a ke isa. A can malamin makaranta shi ne mai karanta wa mutane takarda. In an kawo muku rasit, ku duba ko na gaskiya ne. In kuna koyad da lissafi, ku ba yara misalin gida 200 ɗin nan, su gano da kansu inda giɓin ya tafi. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, amma sai ya iya lissafin jinka kafin ya san ko mai baibaya ya cuce shi.

Allah ya ba mu shugabanni masu adalci, ya ba mu ikon sauke abin da ya rataya a wuyanmu, amin.